Ranar da Na Zana Nauyin 'Yan Biyuna a Bango

Ko zan manta ranar aurena, ba na jin zan manta wata Asabar da na ɗauki alli na ɓata bangon surukata da zane, tana tsaye tana kallona, mijina kuma yana riƙe da waya. Shekaru sun ja, bangon ma an sake masa shafe, amma har gobe idan wani ya nuna mini zanen layi mai hawa sama ya ce, "Kin gani, ana ci gaba," sai na ji gabana ya faɗi.

A lokacin muna zaune a unguwar Birni, cikin Damagaram, a gidan gadon su mijina. Ni malamar firamare ce. Shi kuma aikinsa yawon kasuwannin ƙauye, ya tambayo farashin gero da dawa da wake, ya dawo ya zuba lambobin cikin na'ura ta fitar masa da zane. Mutum ne da bai yarda da "ina jin" ba. Idan na ce yau an fi jiya zafi, sai ya ce da me na auna. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Hajja, 'yar asalin Barno ce, doguwa mai tsaga a fuska, kullum cikin lafaya da ƙamshin turaren wuta. Ba ta da faɗa, amma idan ta ce a'a, to an rufe wannan babin.

Haihuwata ta fari sai Allah ya ba ni tagwaye mata. Ba sai na faɗi suna ba, kowa ya san sunan da ake raɗa wa 'yan biyu. Zan ce ta fari da ta biyu. Ta biyun ta zo da ɗan ƙaramin jiki, amma ungozoma ta ce haka tagwaye suke zuwa, za ta kamo 'yar'uwarta.

Tun ranar suna Hajja ta kafa doka. Ba a gwada 'yan biyu. Ba a cewa wannan ta fi wannan fari, ko kuka, ko nauyi. Abin da aka saya wa ɗaya shi za a saya wa ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya. Wata maƙwabciya ta taɓa ɗaga su ta ce, "Kai, wannan ta fi cika hannu," sai Hajja ta karɓe yarinyar, kuma matar ba ta ƙara samun ruwan sha a gidanmu ba. Ni na ɗauka tsoron nan ne da kowa ke yi na cewa tagwaye suna fushi su turo wa mutum kunama. Na yi dariya a zuci, na bi doka, don ba ta hana ni komai ba.

Bayan allurorin rigakafi na farko-farko akwai tazara mai tsawo kafin a sake kai yaro likita, wato asibiti, sai ya kai wata tara. Wannan tazarar ce ta dami mijina. Sai ga shi wata rana da ƙaramin ma'auni mai nuna lamba, wanda ya samo wurin wani abokinsa Bakano mai shago a Zango. Ya ce duk Juma'a zai auna su. Hajja ta dubi ma'aunin kamar an shigo da kare ɗakinta.

"Jikokin nawa za ka aza a kan wannan, kamar buhun wake?"

"Hajja, a likita ma haka ake yi. Don lafiyarsu ne."

Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta yarda bisa sharaɗi. Kada a faɗi lambar kowacce da baki, kuma kada a haɗa su wuri guda. Kowacce da nata. Ya ce ya ji ya yarda, ya buɗe wa kowacce shafinta a waya. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya shimfiɗa zani a kan tire, ya aza ɗaya, ya duba, ya danna waya bakinsa a rufe, ya aza ɗayar. Daga nan ya juyo mini da fuskar wayar. Zanen ta fari, layi ya taso daga kusurwar ƙasa ta hagu ya nufi kusurwar sama ta dama. Ya goge da yatsa, zanen ta biyu ya fito, shi ma haka, daga ƙasa har sama.

"Kin gani, Madam? Kamar an tsaga kara. Tare suke hawa."

Na gani kuwa. Amma hankalina ya ƙi kwanciya, kuma na rasa wanda zan gaya wa. Ta fari idan ta kama nono sai ta ga bayansa, tana ja tana harbin iska. Ta biyu kuwa ta ɗan tsotsa kaɗan, gumi ya tsattsafo mata a goshi, sai barci. Ba ta kuka. Kowa ya zo sai ya yaba mata, a ce ga mai haƙuri, ga wadda ba ta wahalar da uwa. Ni ma na yi ta jin daɗin wannan yabon, don a lokacin na koma aiki, kuma duk wadda ta yi renon 'yan biyu ta san darajar yaron da ke yin shiru.

Abin da ya fara tsaya mini a rai rigunansu ne. Iri ɗaya ake ɗinka musu, awo ɗaya. Ta fari hannun riga ya fara cin damtsenta, ta biyu kuwa wuyan rigar yana zamewa har kafaɗa. Idan na goya ta fari na nufi makaranta, kafin in kai bakin titi na ji a ƙuguna. Idan ta biyu ce, sai in riƙa kai hannu baya ina taɓawa, in tabbatar tana nan. A aji ina rubutu a allo, sai in tsaya da alli a hannu na manta kalmar da na fara. Abinci ya daina yi mini daɗi. Na zama mai saurin fushi, yaran mutane suka sha tsawa a banza.

Na gwada yi wa mijina maganar a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa.

"Baban 'yan biyu, anya yarinyar nan tana ƙaruwa?"

"Ba ga kurb ɗinta, zanen nan, kin gani ba? Dama da ƙaramin jiki ta zo. Abin dubawa shi ne tana hawa ko ba ta hawa. Kuma tana hawa."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Ya yi dariya ya ce to shi yana da mudun, me zai yi da ido. Ya sake nuna mini zanen. Layin nan kyakkyawa, ja, yana hawa abinsa. Na ji kunya, na ce wataƙila gajiya ce ke sa ni ganin abin da babu. Wajen Hajja kuwa ban ko fara ba. Yaya zan ce mata ɗaya ta fi ɗaya, alhali kalmar ce aka haramta a gidan? Haka na yi ta zama da abin a ciki, Juma'a ta zo in ɗan samu sauƙi, kafin Lahadi damuwar ta dawo sabuwa.

Ranar Asabar ɗin, ya dawo daga wata kasuwa ta wajen Tirmini da rana tsaka, ya zauna cin tuwo a inuwar zaure yana ta mita. Wai wani abokin aikinsa ya kusa ja musu abin kunya. Shugabansu ya nemi zanen farashin gero na kasuwanni biyu, mutumin ya bar na'ura ta zaɓa wa kowane zane ma'auninsa.

"Kin san abin da mashin ɗin ke yi?" ya ce, yana nuna ni da loma. "Ita ba ta son fili ya zauna banza. Ko ƙaruwar ta kai tsawon raƙumi, ko ta tsaya tsawon kaza, sai ta ja layin ya cika takarda. A kasuwa ɗaya gero ya yi tashin gwauron zabo, a ɗayar ɗan motsi ya yi, amma a zane sai ka rantse abu ɗaya ne. Da shef, shugaban namu, ya tafi da shi haka, da an raba taimako daidai, a cuci waɗanda ke cikin wahala. Na ce masa, kai, duba gefe! Lambobin nan na gefe da ke jere kamar matakan tsani, su ne zanen. Daga ina tsanin ya fara, a ina ya ƙare? Wanda bai duba gefe ba bai ga komai ba."

Ina zuba masa ruwa a lokacin. Ruwan ya cika kofi ya zube a tabarma ban sani ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

"Ba ni wayarka," na ce.

"Me za ki yi da ita? Bari in gama."

"Ba ni yanzu."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakina ba, sai ya miƙo. Na buɗe zanen ta fari, na sa yatsu biyu na buɗa gefen hagu. Lambobin ƙanana ne, farare-farare, waɗanda ban taɓa kulawa da su ba. Tsaninta yana hawa ne da rabin kilo, rabin kilo. Na goge zuwa na ta biyu. Nata tsanin, daga matakin ƙasa har na sama gaba ɗaya, bai cika rabin kilo ba. Wato abin da ta fari ke takawa a mataki guda, ta biyu ba ta haɗa shi ba tun da aka fara awon. Na'urar ta ɗauki 'yan giram ɗin da yarinyata ta tattara da ƙyar, ta miƙe su suka cika fuskar waya.

Na ce ya haɗa su a zane ɗaya. Ya dubi wayar, ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin Hajja. Tana tsaye a wurin, ban san tun yaushe ba.

"Ba a haɗa su," ta ce. "Mun yi magana."

"Hajja, ki yi mini aikin gafara, yau sai an haɗa."

"'Yar nan, baki shi ke yanka wuya. Ki bar yaran nan yadda Allah ya ajiye su."

Mijina ya tsaya tsakaninmu kamar an dasa shi. Ba na ganin laifinsa a yanzu, amma a ranar na ji kamar in shaƙe shi. Ban jira shi ba. Na shiga ɗaki na zazzage jakar makaranta, na ɗauko alli fari da ja, na fito tsakar gida. Akwai bangon ɗakin Hajja mai shafen siminti, sumul, wanda take hana yara jingina a jikinsa. Nan na nufa, don shi kaɗai ne mai santsi. Na ja layi a tsaye daga ƙasa har iya tsawon hannuna, na ce ƙasa ita ce sifiri. Na yanka matakai da tafin hannuna, kowane taki kilo ɗaya, yadda nake koya wa 'yan aji. Tsani ɗaya, na mutum biyu.

"Karanto mini," na ce masa. "Ta fari, tun daga Juma'ar farko."

Ya fara karantawa a hankali kamar mai raɗa. Na ce ya ɗaga murya. Wannan ne karo na farko da aka faɗi nauyin yaran da baki a gidan, kuma na ji Hajja tana salati a bayana. Ina sa ɗigo da farin alli, ina matsawa dama, ɗigon na hawa. Na haɗa su, layi ya tashi kamar hanyar hawa dutsen bayan unguwarmu. Sannan na ɗauki ja. Ya karanto lamba ta farko, na sa ɗigo. Lamba ta biyu, na matsa dama, hannuna bai ɗaga ba. Ta uku ma haka. Can ya tsaya, na ce ya ci gaba. Da na haɗa ɗigon, jan layin ya kwanta kamar igiyar shanya. A farkon bango tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi yatsu biyu ba, a ƙarshe kuwa ta fi taki guda.

Ta fari tana kuka a ɗaki, ta biyu tana kwance kusa da ita shiru, irin shirun nan da ake yaba mata. Mijina ya zauna a kan turmi ya dafe kai.

"Ni na rubuta lambobin nan da hannuna," ya ce. "Duk Juma'a ina ganinsu. Sai in ga ta ɗan ƙaru, in dubi hoton in ga ya hau, in ce alhamdu lillahi."

Ina jiran faɗan Hajja, na riga na shirya masa. Sai na ga ta matso bangon, ta sa yatsa a kan jan layin ta bi shi daga farko har ƙarshe, allin ya shafe mata yatsa. Ba ta yi boko ba, amma wannan bai buƙaci boko ba.

"Bayana ya sani," ta ce, ba ta juyo ba. "Ni ma ina goya su. Bayana ya daɗe da sani, bakina ne ya ƙi."

Nan ta gaya mana abin da ko ɗanta bai taɓa ji ba. Tana budurwa, yayarta ta haifi tagwaye maza. Wata rana ta ɗaga su a gaban mutane ta ce ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Ba a daɗe ba ƙaramin ya rasu, aka ce bakinta ne. Yayar tata ta mutu ba ta ƙara sakin fuska da ita ba. Tun daga ranar ta yi alkawari ba za ta sake gwada 'yan biyu ba, ko a zuci. Tana faɗa hawaye na bin tsagar fuskarta. Ni da na zo da shirin faɗa sai na rasa inda zan sa kaina, tausayinta ya kama ni, ga kuma tsoro yana cina.

"Wataƙila shi ma wancan ba bakina ba ne," ta ce. "Wataƙila da an ji ni, da an kai shi magani." Ta goge fuska da gefen lafaya, ta daka wa ɗanta tsawa. "Kai kuma zaman me kake yi? Tashi ka fito da moto!"

Ita ta goya ta biyu da kanta, ta hau babur bayan ɗanta. Ni na bi su a kabu-kabu da ta fari, ina ta ce wa mai babur ya ƙara wuta, yana ce mini, "Hajiya, rai dai ɗaya ne." A likita muka samu majo, wato babban ma'aikacin jinya, yana shirin tashi. Ya auna ta biyu, ya buɗe katin rigakafinta, ya sa ɗigo a kan zanen da aka buga a ciki, wanda tsaninsa ɗaya ne ga kowane yaro. Ɗigon ya faɗa can ƙasa da layin da ba a so yaro ya sauka. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ce ku kawo ta yau?"

Hajja ta nuna ni da haɓa.

"To, madalla. Da kun jira allurar wata tara, ban san abin da za mu tarar ba."

Aka kwantar da mu. Ashe ƙarfin tsotso ne ba ta da shi, tana gajiya kafin ta ƙoshi, yunwar kuma tana ƙara kashe mata jiki, barcin da muke yabo na rashin ƙarfi ne. Aka koya mini tatsa in ba ta da ƙaramin kofi, kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ana tashinta ko tana barci, aka haɗa mata da wata madara ta likita. Kwanakin nan ban san na zauna wuri ɗaya ba. Ranar da ta fara tsala kuka na neman abinci, har matan gadon kusa suka toshe kunne, ni da Hajja muka dubi juna muka fashe da dariya.

Da muka dawo gida na ɗebo ruwa zan wanke bangon, Hajja ta ce kada in kuskura. Duk Juma'a ita ke fara fitowa da tiren awo. Ɗanta ya aza yarinya, ta ce, "Nawa? Faɗi da ƙarfi, kunnena ya tsufa." Ni kuma in sa ɗigo. A hankali jan layin ya ɗaga kai, ya fara bin farin a baya. Bai kamo shi ba, har yau ma ta biyu ba ta kai 'yar'uwarta jiki ba, sai dai ta ninka ta surutu. Zanen ya zauna a bangon har ruwan damina ya wanke shi.

Mijina ya gyara wayarsa tun a likita, ya haɗa su a shafi ɗaya. Daga baya ya yi ta yi mini bayani cewa ba kullum ne dole tsani ya fara daga sifiri ba, wani lokacin ɗan motsin shi ake son gani, kamar zafin jikin mai zazzaɓi. Na ce na yarda, amma mutum ne zai zaɓa da saninsa, ya san abin da yake nema, ba ya bar wa na'urar da ba ta taɓa goyo ba. Tun daga ranar bai sake tambayata da me na auna ba.

Hajja ta rasu 'yan biyu suna aji uku, Allah ya jiƙanta. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, abu biyu da kake son sanin gaskiyarsu, tsani ɗaya za ka jingina musu, ko da abin da zai fito zai ɗaga maka hankali. Mu uku muna son yarinyar nan kamar rai, kuma kowannenmu ya samu abin da ya ɓuya a bayansa don kada ya gani: shi hoto, Hajja doka, ni kunya. Yanzu a ajina, duk yaron da ya kawo mini zane, kafin in dubi layin sai in sa yatsa a gefe in ce ya karanto mini lambobin da ƙarfi. Suna cewa Madam ta cika takura. Wadda ta fi kowa faɗar haka a gida ita ce ta biyu, kuma ina barinta ta yi ta yi, don na san abin da shirunta ya kusa ja mana.